Gani Ya Kori Ji, Amma Da Idon Wa Muke Gani?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sa'ad da magabata suka yi wannan karin magana, mutum da ƙafarsa yake zuwa, da idonsa kuma yake gani, in ya komo ya ba da labari a ce ganau ne ba jiyau ba. Yau kuwa ga akwatin telebijin a ɗakin taruwar ɗalibai, ga wayar hannu a aljihun kowa, mutum yana kishingiɗe a kan katifarsa sai a kawo masa yaƙin Sudan, ko hawayen wata baiwar Allah a wani ƙauyen Zamfara, ya tashi yana rantsuwa shi ma ganau ne. To, a nan nake so mu ɗan dakata, ya 'yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikatan gwamnati da kuka riga mu fita, mu tambayi kanmu ko ganin nan namu ne, ko kuwa na aro ne.

Ina magana ne a kan shirye-shiryen nan da ba wasan kwaikwayo ba, ba kuma labarun da ake karantawa a wuce ba, watau waɗanda ɗan jarida yakan ɗauki na'urar ɗaukar hoto ya je ya tare a wuri mako da makonni, ya zauna da mutanen da abin ya shafa, sa'an nan ya komo ya tsara abin da ya samo cikin rabin sa'a ko sa'a guda. Bari mu kira su shirye-shiryen gani-da-ido. Duk ran da aka nuna irinsu a kan wani abin kunya na ƙasarmu, sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce tonon silili ne, baƙi ne suka zo ɓata mana suna. Wasu su ce gaskiya ce tsirara, duk wanda ya yi fushi mai laifi ne. Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya yi garaje, kuma labarin Habasha ya isa ya nuna dalili.

A daminar 1972 ruwa ya ɗauke a lardin Wallo, can arewacin Habasha, ɗan ruwan da suke samu a farkon shekara shi ma bai sauka ba a 1973. Farin nan ba baƙonmu ba ne, domin a shekarun ne ya ƙone ƙasashen Sahel, ya ƙarar da garkunan shanu a Nijar da arewacin Nijeriya. Manoman Wallo suka sayar da shanun huɗa, suka sayar da gonaki, daga bisani suka fito bakin babbar hanyar da ta tashi daga Addis Ababa zuwa Asmara, suna tsai da motoci suna roƙon abin sawa a baka. Waɗanda suka yi ƙarfin halin takawa zuwa babban birnin, 'yan sanda suka tare su a bayan gari. Gwamnatin Sarki Haile Selassie ba ta son a ji kalmar yunwa. A watan Mayu na shekarar ne Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta yi bikin cika shekara 10 a Addis Ababa, taron da aka ɗora wa Janar Yakubu Gowon shugabancin ƙungiyar, kuma mai masaukin baƙi ba ya so a ga tsumma a ƙofar gidansa ranar biki.

Abin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe shi ne, ba Bature ne ya fara gano wannan yunwa ba. Malaman jami'ar ƙasar ne suka je Wallo suka ɗauko hotuna suka baje a jami'a, ɗalibai suka yi zanga-zanga. A Dese, babban garin lardin, 'yan makaranta suka fito, aka buɗe musu wuta. Duk da haka gwamnati ta ci gaba da rufa-rufa, tana ɗan neman agaji a asirce, tana musu a fili. Sai a watan Oktoba na 1973, sa'ad da wani matashin ɗan jarida na Ingila, Jonathan Dimbleby, ya nuna fim ɗinsa mai suna The Unknown Famine, watau yunwar da ba a sani ba, a gidan telebijin na ITV, sa'an nan duniya ta girgiza, gudummawa ta fara kwarara, hukuma ta rasa bakin musu. Ku dubi sunan fim ɗin da kyau. Wane ne bai sani ba? Uwar da ta binne 'ya'yanta ta sani, ɗalibin da aka harba ma ya sani. Mutanen Landan ne ba su sani ba, kuma da yake su ake jin kunya, sai rashin saninsu ya zama sunan abin. Masu ƙiyasi sun ce waɗanda suka mutu sun kama daga 40,000 har zuwa 200,000.

Labarin bai ƙare a nan ba, kuma sauran ne ya fi ba ni tsoro. Cikin 1974 sojoji suka yi ta yi wa sarautar ɗauki ɗai-ɗai, suna kama ministoci da manyan fadawa, amma suna shakkar taɓa Sarkin kansa, mutumin da ya shekara 44 a kan gado, wanda talakawa da yawa suke gani kamar ba ɗan Adam ba. Kwamitin sojojin, wanda ake kira Derg, ya san bindiga kaɗai ba za ta kankare wannan kwarjini ba. Daren 11 ga Satumba, ranar sabuwar shekarar Habashawa, sai suka sa gidan telebijin na ƙasa ya nuna fim ɗin Dimbleby, amma bayan an sa masa almakashi. A nuna yaro ƙashi da fata, ƙudaje na bin idonsa, sai a yanke a nuna liyafar fada. A nuna gawa, sai a yanke a nuna Sarki yana ba karnukansa nama. Da gari ya waye suka shiga fada suka karanta masa takardar tuɓewa, suka sa shi a bayan wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Volkswagen suka fita da shi, mutanen da a da suke faɗuwa ƙasa in ya gifta suna bin motar da ihun ɓarawo.

Hotunan nan ba ƙarya ba ne. Yaron ya ji yunwa da gaske, karnukan ma sun ci naman da gaske. Amma wanda ya jera su kusa da juna shi ne ya yi magana, ya kuma yi ta ba tare da ya buɗe baki ba, ta yadda mai kallo zai zaci shi da kansa ya yanke hukunci. Fim ɗaya, a Landan ya zama ƙoƙon bara, a Addis Ababa ya zama takobi. Su kuwa masu takobin, kafin ƙarshen Nuwamba sun harbe manyan ƙasar su 60 a dare ɗaya ba tare da shari'a ba, bayan 'yan shekaru kuma suka juya kan ɗaliban da suka fara tona yunwar, suka karkashe dubbai a abin da aka kira Jan Ta'addanci. A Nijar ma batun yunwa da karkatar da hatsin agaji yana cikin dalilan da Seyni Kountche ya bayar sa'ad da ya kifar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974, ko da yake can ba a bukaci fim ba.

Shekara 10 cif bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. A Satumban 1984 gwamnatin Mengistu Haile Mariam tana ta shagalin zagayowar ranar juyin mulki, an ƙawata Addis Ababa, an hana 'yan jarida zuwa arewa, alhali Wallo da Tigray suna cikin yunwar da ta ninka ta farko. Waɗanda suka hau mulki a kan fim ɗin yunwa ai su suka fi kowa sanin haɗarin na'ura. Da aka gama biki aka sassauta, Michael Buerk na BBC da mai ɗaukar hoto Mohamed Amin suka isa sansanin Korem. Ranar 23 ga Oktoba aka nuna rahotonsu na 'yan mintoci, gidajen telebijin sama da 400 suka ɗauka. Daga nan mawaƙa suka tashi haiƙan, har aka yi gagarumin wasan Live Aid ranar 13 ga Yuli 1985 a Landan da Filadelfiya. An tara dukiya mai yawa, an kuma ceci rayuka. Wannan ba mai raina shi sai wanda bai taɓa kwana da yunwa ba.

Amma da me mai kallo ya tashi? Ya tashi da cewa ruwa ya ƙi sauka, baƙar fata suna mutuwa, a taimaka. Abin da hoton bai ɗauko ba shi ne yaƙin da gwamnati take yi da 'yan tawayen Tigray da Eritiriya, da jiragen da suke jefa bama-bamai a kasuwanni, da takura wa fataken hatsi, da tilasta wa manomi ya sayar wa hukuma amfaninsa a kan farashin da ta yanka. Bayan haka aka kwashi mutane wajen 600,000 aka kai su kudu da yamma, da yawa ba da son ransu ba, dubbai suka mutu a hanya da sansanoni. Ƙungiyar likitocin Faransa ta MSF da ta buɗe baki a kan haka, aka kore ta daga ƙasar a Disamban 1985. Yunwar 1973 ma haka take. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa abincin da ƙasar ta noma a lokacin bai ragu ainun ba, har ma ana fitar da hatsi daga Wallo zuwa birane sa'ad da mutanen Wallo suke mutuwa, don kuwa hatsi kuɗi yake bi, ba yunwa ba. Na'ura tana ɗaukar haƙarƙarin yaro cikin sauƙi. Farashin mudu kuwa, ko kason da mai ƙasa yake karɓa daga hannun mai noma ta, waɗannan ba su fitowa a hoto, sai fa in mai shirin ya sha wahalar nemo dabarar nuna su. A nan ake rarrabe shirin kirki da na neman hawaye.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, ta haƙƙin wanda aka ɗauka. A cikin hotunan 1984 akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara 3, Birhan Woldu, wadda ma'aikatan telebijin na Kanada suka ɗauka tana gargarar mutuwa. An nuna fuskarta a wasan Live Aid, miliyoyin mutane suka zubar da hawaye. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu, ta yi karatu, har a 2005 aka hau da ita dandamali a Landan aka nuna wa duniya. Ita kam an san sunanta. Sauran dubban fa, iyaye mata da aka ɗauka cikin tsumma, waɗanda ba su san inda hoton zai je ba? Mu da muka tashi a cikin al'adar da mace za ta ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don kada maƙwabta su gane ba a yi girki ba, mun san abin da ake nufi da rufin asiri. Wanda yunwa ta fitar bakin hanya ya riga ya rasa kome sai wannan ɗan mutuncin. Ban ce kada a ɗauka ba, na ce dai mai ɗauka ya san bashi ya ci. Shi ma Mohamed Amin, haifaffen Nairobi, wanda da idonsa duniya ta ga Korem, sunansa bai yi tashe kamar na mai maganar da na mawaƙan ba. Ya rasa hannun hagu a Addis Ababa a 1991 sa'ad da wani rumbun makamai ya fashe, ya koma aiki a haka, ya rasu a 1996 cikin jirgin saman Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoro.

To, laifi tudu ne, mu sauko daga na Habasha mu dubi wanda muke takawa. A watan Oktoba na 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe wajen miliyan 3 na maganin tari mai kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa kaɗai. Kafin nan malamai sun yi wa'azi, iyaye sun koka, jaridunmu sun rubuta. Ranar 30 ga Afrilu 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da shirin Sweet Sweet Codeine, wanda 'yar jarida Ruona Meyer ta gabatar bayan abin ya taɓa ɗan'uwanta. Aka nuna ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da katan-katan ta bayan gida, aka nuna samari ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Kano. Washegari Ministan Lafiya ya ba da sanarwar hana shigo da maganin da kuma sarrafa shi. Ma'aikatar ta ce ai dama kwamitinta ya daɗe yana aiki, ba fim ne ya sa ba. Wataƙila haka ne. Amma mai hankali zai tambaya me ya sa aikin watanni bai nuna ba sai ran da baƙo ya leƙo. Sa'an nan hanin ya tsaya ne a kan kwalba. Zaman banza da baƙin cikin da suka kai yaro ga kwalbar suna nan, kasuwar kuwa ba ta rasa wani abin sayarwa ba.

A Oktoban 2019 aka sake irinta, wannan karon a cikin gidanmu, watau jami'a. Kiki Mordi, wadda ita kanta ta ce fitinar wani malami ce ta raba ta da karatu, ta gabatar da shirin Sex for Grades, inda aka ɗauki wasu malaman Jami'ar Legas da Jami'ar Gana a ɓoye suna yi wa 'yan jaridar da suka yi shigar ɗalibai maganganun da ba su dace da malami ba, wani har da neman lalata ƙiri-ƙiri. Aka dakatar da malamai, Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurin doka a Yulin 2020, gwamnatin lokacin kuma ta sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Ba sai na tambayi 'yan'uwanmu mata ko sun ji wani sabon abu a shirin ba. Sun daɗe da sanin ofishin da mace ba ta shiga ita kaɗai.

Wanda ya fi wuyar hukunci shi ne na Zamfara, kuma a kansa ne na ga abokai sun kusa ba hammata iska. A watan Maris na 2022 gidan telebijin na Trust TV ya nuna shirinsa a kan 'yan bindigar daji, har da hira da Bello Turji. A ƙarshen Yuli BBC ta fitar da The Bandit Warlords of Zamfara, wanda wani ɗan jihar, Yusuf Anka, ɗalibin koyon shari'a, ya shiga daji ya haɗo. Aka ga Ado Aleru zaune cikin natsuwa yana cewa yaransa ne suke satar mutane, shi kisa yake yi. Aka ji wani yana bugun ƙirji da sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021. Ministan Watsa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce wannan kambama ta'addanci ne. Ranar 3 ga Agusta hukumar da ke kula da gidajen rediyo da telebijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, ta kuma ci kamfanoni uku masu sayar da tashoshi irin wannan tara saboda sun nuna na BBC.

Masu goyon bayan gwamnati suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Ka ɗauki matar da aka kashe mijinta a gona, ta buɗe waya ta ga wanda ya sa aka yi yana magana kamar wani hakimi, ba a ɗaure ba, ba a gaban alƙali ba. Ka ɗauki saurayin da ba shi da aikin yi, ya ga bindiga ta sa ana tattaki daga birni don a ji ta bakin mutum. Ɗan ta'adda yana bukatar suna kamar yadda yake bukatar harsashi, wanda kuma ya ba shi filin magana ya ba shi wani abu, ko ya so ko bai so ba.

Amma fa a dubi ɗaya gefen. A tsakiyar watan Yulin nan, 'yan kwanaki kafin fitowar shirin, a garin 'Yandoto aka naɗa wa shi Ado Aleru ɗin rawanin Sarkin Fulani da rana tsaka a gaban jama'a, sai da aka yi ca sa'an nan gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Mutumin nan kuwa tun 2020 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama shi. Ku lura da lissafin: kuɗin da aka sa a kan mai kisa shi ne daidai kuɗin da aka ci wanda ya nuna masu kisa. Wa ya kambama shi, mai hoto ko mai rawani?

Har ila yau shirin ya yi abin da rahoton Korem bai yi ba, ya nemi sanadi. Ya zauna da Fulani suka faɗi nasu koke, na wuraren kiwo da aka cinye da 'yan sa-kai da suke kashe mutum don kamanninsa. Ya zauna da manoma Hausawa suka faɗi waɗanda suka binne. Mai kallo a Legas ko Kano, wanda ya saba jin an kashe mutum kaza kamar sakamakon ƙwallo, ran nan ya ga fuskoki. Ni a ganina in akwai abin da za a tuhumi masu shirin da shi, to, na ma'auni ne: minti nawa aka ba mai bindiga, minti nawa aka ba wanda ya binne ɗansa, an ƙalubalanci ƙaryarsa ko an bar shi ya yi ta zuba. Wannan muhawara ce ta 'yan jarida da masu kallo, da alƙalami ake yin ta. Tara ba ta amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin. Abin da take koya wa manajan gidan telebijin kawai shi ne, gobe in wani yaro ya zo masa da irin wannan shiri ya ce masa a kai kasuwa. A Janairun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da ikon cin tara domin ita ba kotu ba ce, amma kafin nan tsoro ya riga ya shiga.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Me ya sa sau da yawa sai baƙo? Telebijin ba jiya ya zo ƙasar nan ba. Ibadan ta fara a 1959, Kaduna a 1962, aka haɗa gidajen a ƙarƙashin NTA a 1977, aka ba 'yan kasuwa izini a 1992. Amma gadon da gidajen gwamnati suka ci na majigi ne. Iyayenmu suna ba da labarin motar majigi, yadda take zuwa ƙofar fada da almuru a kafa farin ƙyalle, a nuna rangadin Gwamna, a nuna Baban Larai ana koyar da noma, mai lasifika yana gaya wa jama'a abin da ya kamata su fahimta. Hukuma ce take nuna wa talaka kanta, ba a juya na'urar ta nuna wa hukuma talaka ba. Har yau in ka kama tashar jiha abin da za ka tarar ke nan: Mai Girma ya buɗe rijiyar burtsatse, Mai Girma ya karɓi baƙi, uwargidan Mai Girma ta raba atamfa.

Kada kuma a ce ba mu iya ba. NTA tana cikin waɗanda suka haɗa hannu aka yi shirin Basil Davidson mai kashi 8 a kan tarihin Afirka a 1984, wanda a ciki ya zo har fadar Kano. A 1986 aka yi The Africans mai kashi 9, na Farfesa Ali Mazrui, ɗan Mombasa, wanda a lokacin yake da kujera a Jami'ar Jos, shi ma da hannun NTA. Mazrui ya tsaya gaban na'ura ya faɗi ra'ayinsa na ɗan Afirka a kan abin da Turawa suka yi wa nahiyar, har hukumar gwamnatin Amurka da ta ba da wani kaso na kuɗin ta fusata ta ce a cire sunanta. Ashe su ma in madubi ya juyo gare su ba daɗi suke ji ba.

Ku da kuke sashen koyon aikin jarida, ba sai kun shiga daji ba. 'Yan gudun hijirar da suke kwana a kangwayen bayan gari, da matan da suke share mana ɗakunan kwana, da almajirin da yake wanke mana kwano a kan ragowar abinci, kowannensu yana da labarin sa'a guda, kuma da harshenku zai ba ku shi, ba ta bakin tafinta ba. Sai dai ku nemi izininsa da gaske, ku gaya masa inda hoton zai je, ku rufe fuskar da ya kamata a rufe, in kun gama ku koma ku nuna masa kafin kowa ya gani. Ina kuma roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta ware dare ɗaya a wata a riƙa nuna irin waɗannan shirye-shirye a babban zaure, in an kunna fitila kuma a zauna a tambayi wa ya biya kuɗin shirin, wa aka ji ta bakinsa, wa aka bari a waje.

Ku kuma da kuka kama aiki a sakatariya, ga wani ɗan labari daga Wallo ɗin nan, tun shekara takwas kafin Dimbleby ya taka ƙasar. Wani masanin Habasha, Farfesa Mesfin Wolde Mariam, ya bi takardun Ma'aikatar Cikin Gida na shekarun sarauta, ya tarar a 1965 an yi yunwa a gundumar Were Ilu, 'yan sandan wurin kuma ba su ɓoye ba, sun aika da rahoto sama. Takardar ta yi ta hawa daga tebur zuwa tebur, sai da labarin ya ɗauki kwana 302 kafin ya kai ga Sarki. Sarki ya umarci ma'aikatar ta ɗauki mataki. Ma'aikatar ta rubuta wa jami'an Wallo cewa su aiko da jerin sunayen waɗanda suka mutu.